Na cire wayoyin fulogi gaba ɗaya, yanzu mota tana girgiza: yaya zan mayar da su daidai?

Tambaya: "Ina da Golf 3 mai injin 1.8, da ita nake zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Samaru. Ta fara yi mini misin, wato wata silinda ta riƙa ƙin kama wuta, duk ranar da aka yi ruwa, sai na sayo sababbin wayoyin fulogi a Sabon Gari, na cire tsofaffin duka a lokaci guda na sa sababbin. Yanzu da ƙyar take tashi, in ta tashi sai girgiza, ba ƙarfi, ga warin ɗanyen fetur, wani lokaci har ta yi harbi ta salansa. Wayoyin ne jabu, ko ni ne na yi kuskure?"

Amsa: Malam, kafin a ɗora wa mai shago laifi, alamun da ka lissafa sun fi kama da na wayoyin da aka sauya wa gurbi. Waya ko jabu ce, in sabuwa ce yawanci tana aiki a ranar farko, sai an kwana biyu zafi ya dafa ta sannan halinta ya fito. Amma motar da jiya take tafiya, yau aka taɓa waya ta koma girgiza, jerin ne ya rikice. Ka ajiye ta tukuna, kada ka ce bari ka lallaɓa da ita zuwa Samaru. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, sauran kuma ya wuce salansa ya ƙone a can, ya narkar da katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, idan har yanzu motar tana da shi.

Injin Golf 3 mai 1.8 koyil ɗaya gare shi. Shi ne ke ɗaukar volt 12 na batir ya ɗaga shi zuwa dubu 15, dubu 20, har dubu 30 in buƙata ta kai. Wutar tana bin wayar tsakiya ta shiga hular distiributa, a ciki akwai rota da ke juyawa tana miƙa wutar ga ƙofofi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Rota ba ta san silinda ba, ƙofa kawai ta sani. Wayar da ka soka a ƙofar ita ke yanke hukuncin silindar da za ta samu tartsatsi. Kuma silindojin ba a jere suke kamawa ba. Na ɗaya ta kama, sai ta uku, sai ta huɗu, sai ta biyu: 1-3-4-2. Don haka abu uku za ka tabbatar, wace silinda ce ta ɗaya, wace ƙofa ce ta ɗaya a jikin hula, da kuma ɓangaren da rota ke juyawa.

Daga bayaninka ma ana iya gane inda matsalar take. Da a ce 1-2-3-4 ka jera su a kan hula, silinda ɗaya ce kacal za ta samu wuta a kan lokaci, motar ba za ta tashi ba. Da duka jerin ne ya goce da ƙofa ɗaya, nan ma ba za ta tashi ba, sai dai ta riƙa tari ta wajen shaƙar iska ko ta yi harbi ta baya. Tunda tana tashi tana girgiza, silinda biyu suna aiki, biyu suna zaman banza. Abin da aka fi yi shi ne mutum ya san 1-3-4-2 ɗin sarai, ya kuma fara daga ƙofar da ta dace, amma ya zagaya hular ta baibai. In ka karanta jerin ta baya zai zama 1-2-4-3, wato ta ɗaya da ta huɗu suna nan a gurbinsu, ta biyu da ta uku ne suka yi musaya. Fistin na biyu da na uku tare suke hawa tare suke sauka, sai dai lokacin da ɗaya ke matse cakuɗen iska da fetur, ɗayan hayaƙi yake fitarwa. Tartsatsin sai ya riƙa zuwa wa wanda ke fitar da hayaƙi, shi kuma mai cike da fetur ya wuce ba wuta. Warin ɗanyen fetur da harbin salansa daga nan suke. Idan kuwa ta uku da ta huɗu ne suka yi musaya, girgizar ta fi muni, don ɗaya za ta samu wuta da wuri bawul ɗin shiga bai gama rufewa ba, sai ka ji tas ta wajen akwatin iska.

To ga yadda za ka warware. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, ka bari injin ya huce. Tsaya a gaban mota ka fuskanci inji. Murfin bel ɗin taimin yana hannunka na hagu, giyabos da batir suna dama. Silindar da ke kusa da bel ita ce ta ɗaya, sai biyu, uku, huɗu zuwa wajen giyabos. Hular distiributa ƙarafa biyu ne masu maƙalewa suka riƙe ta, ka ɓalle su da sukudireba ka ɗaga ta a hankali ba tare da ka cire wayoyin ba. Ka cire rota da faifan robar da ke ƙarƙashinta mai tare ƙura, ka duba leɓen distiributar. Za ka ga ɗan tsaga siriri kamar an yanka da wuƙa. Wannan tsagar ita ce alamar silinda ta ɗaya. Ka mayar da faifan da rota, ka ja layi da alli ko fenti a jikin distiributar ta waje daidai tsagar, domin in an rufe hula ba za ka gan ta ba. Hular ba ta zama sai ta fuska ɗaya, tana da ɗan haƙori da ke shiga gurbinsa. In ta ƙi zama kada ka danna, juya ta za ka yi. Ƙofar da ta faɗo kan layinka, wayarta ce ke zuwa silinda ta ɗaya.

A wannan injin mai bawul takwas rota tana bin yadda hannun agogo ke juyawa. Duk da haka gani ya kori ji, kuma minti ɗaya ne aikin: hula a buɗe, ka cire soket ɗin ƙananan wayoyin da ke gefen distiributa don kada koyil ya yi wuta, giya a firi, birkin hannu a ɗage, wani ya ɗan taɓa kik kai kuma kana kallon rota. Ɓangaren da ta nufa, can za ka bi. Daga ƙofa ta ɗaya, ta gaba ta silinda ta uku ce, mai bi mata ta huɗu, ta ƙarshe ta biyu. Hanya mai sauƙi ta binciken kanka: wayar ɗaya da ta huɗu su kasance suna kallon juna a kan hula, ta biyu da ta uku su ma haka. Ka bi kowace waya da yatsa daga hula har fulogi, kada ka bi da ido kawai, baƙaƙen wayoyi huɗu da suka sarƙe suna ruɗin ido.

Akwai inda tsagar nan take yaudara. Motocin nan sun daɗe a hannu, Golf 3 daga 1991 aka fara ƙera ta, wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar. Idan an taɓa canza bel ɗin taimin ko an cire distiributa aka mayar da ita a goce, wasu makanikai maimakon su gyara zamanta sai su juya wayoyin kan hula har mota ta tashi, su miƙa maka makulli. Irin wannan motar in ka bi tsaga ba za ta tashi ba ko kusa. Sai a koma a tambayi injin da kansa. Ka cire fulogin silinda ta ɗaya, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya injin da hannu, ko dai da soket mai lamba 19 a kan ƙusar fulin da ke ƙasa, ko a sa giya ta huɗu a ɗan tura motar gaba a shimfiɗaɗɗen fili. Makulli a kashe ake wannan. Za ka ji iska tana ture yatsanka, fistin yana hawa ke nan a zagayen matsewa. A ci gaba da juyawa a hankali har alamar sifili da ke jikin filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giyabos, ta zo daidai tsinin da ke ramin dubawa a saman giyabos, ramin da ke da murfin roba. Inda bakin rota ya nuna a wannan lokacin, nan ce ƙofa ta ɗaya ta gaskiya a motarka, ko ta yi daidai da tsaga ko ba ta yi ba. Dalilin toshe ramin da yatsa shi ne inji yana juyawa sau biyu kafin rota ta juya sau ɗaya, alamar sifili tana zuwa sau biyu ke nan, sau ɗaya na silinda ta ɗaya, sau ɗaya na ta huɗu. Wanda ya dogara da alamar kaɗai yana iya sa komai a kife, ya yi ta kik har batir ya mutu. Kuma kada a cusa sukudireba a ramin fulogi ana neman kan fistin. In ma dole ne, tsinken roba mai laushi ya fi.

Sanya wayar kanta ma aiki ne, don waya na iya zama a gurbin da ya dace amma ba ta kama ba. Ka shimfiɗa sababbin a ƙasa kusa da tsofaffin in ba ka yar ba, ka haɗa kowace da tsararta a tsawo. Wasu saitin suna da lamba a jiki. Ta koyil daban take, bakinta biyu ba irin na fulogi ba ne. Wayar da aka ja ta miƙe tamau, girgizar inji za ta zare ta ko ta tsinka cibiyarta. Wadda ta yi tsawo kuma za ta kwanta kan ƙarfe ta goge. Idan za ka soka a kan fulogi ka kama kan, ka tura shi a miƙe har ka ji ƙas. Ƙarar nan ƙarfen cikin waya ne ya cafki kan fulogi. In ba ka ji ba, roba ce kawai ta rufe, ƙarfe bai haɗu da ƙarfe ba. Motar za ta tashi lafiya lau, wuta tana tsallake ɗan gibin, bayan wata ɗaya ko biyu bakin wayar ya ƙone ya zama toka mai launin kore ko fari, misin ya dawo. A wajen hula ma haka, ka fara tura ƙarfen ya zauna can ƙasa, sannan ka saukar da robar, ka ɗan ɗaga gefenta iskar da ta maƙale ta fita. In ba haka ba iskar tana kumbura da zafi ta turo wayar sama.

Ka kuma duba kan fulogin da bakin wayar tare kafin ka bar shago. Wasu fulogai suna da ɗan noti mai warwaruwa a ka. Wasu wayoyin, musamman na tsofaffin motocin Jamus, zaren ƙusar tsirara suke kamawa, sai an warware notin. Wasu kuma notin suke kamawa, in babu shi sai su yi ta lilo. Idan notin ake buƙata, ka ɗaure shi da filaya, sako-sako yana kawo misin da ba a gane kansa.

Ɗan man silikon da ake sayarwa don wannan aiki, kamar ƙwayar gero biyu, a shafa a cikin robar ba a kan ƙarfen ba. Yana tare danshi, yana hana roba mannewa da farin jikin fulogi. Giris na yau da kullum ko baƙin mai ba su maye gurbinsa, kumbura roba suke yi. In babu silikon gara a bar shi a bushe.

Sai hanyar da wayoyin za su bi. Maƙallan robar da kamfani ya sa ba ado ba ne. Kowace waya da gurbinta, da ɗan tazara tsakaninta da 'yar'uwarta, nesa da salansa, nesa da fanka da bel, nesa da wayoyin sensa. Abin da ake yawan gani a gareji, a tattara huɗun a ɗaure tamau da igiyar roba ko a naɗe da baƙin tef don su yi kyau, kuskure ne. Waya mai ɗauke da volt dubu ashirin in ta kwanta jikin wata na tsawon taƙi guda tana iya tayar da wuta a cikin maƙwabciyarta ko da robar ba ta huje ba, silindar da lokacinta bai yi ba ta samu tartsatsi. In dole ne biyu su haɗu, su gitta juna su wuce. Maƙallan da suka karye a nemo na Beljiyam, ba su da tsada.

Ranar da za a sake wannan aiki, ɗaya bayan ɗaya ake yi: cire tsohuwa ɗaya, sa sabuwa ɗaya, sannan a taɓa ta gaba. A ɗauki hoto da wayar hannu kafin a fara. Wajen cirewa kuma kan ake kamawa a ɗan murɗa hagu da dama a ja, ba a finciko jikin wayar.

Mai wata motar da ke karanta wannan ya kula, don ba kowace ke bin tsarin Golf ba. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere, Toyota, Honda, Nissan, Peugeot, 1-3-4-2 ne. Amma Peugeot irin su 405 da 306 daga wajen giyabos suke fara ƙirga ta ɗaya. Tsofaffin injunan Honda, kamar na Accord da ake kira Hala da Baby Boy mai silinda huɗu, saɓanin hannun agogo suke juyawa, sai a kula wajen juya su da hannu. Mai silinda shida a jere, kamar Marsandi 300E da Land Cruiser mai injin 4.5, 1-5-3-6-2-4 ne. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 2.2 tana da wayoyi amma ba ta da distiributa: koyil biyu ne, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3, kowane yana harba biyun tare. A nan abin kiyayewa shi ne kada wayar ɗaya ko huɗu ta je koyil ɗin biyu da uku. Corolla daga 2003, Camry Big Daddy mai 2.4 da Accord EOD kuwa ba su da wayar fulogi sam, kowane fulogi da koyil ɗinsa a kai.

Idan jeri ya daidaita motar ta tashi sumul, saura cutar farko, wato misin ɗin ranar ruwa, don ba lallai wayoyi ne kaɗai suka jawo shi ba. Ka juya hular distiributa ka duba cikinta a haske. Siririn layi baƙi kamar na fensir daga wata ƙofa zuwa wata ko zuwa gefe, hanyar da wuta ta saba bi ce, kankarewa ba ya magance ta, sai canji. Ɗan gawayin da ke tsakiya ya kasance yana lotsawa yana dawowa in ka danna. Bakin rota in ya cinye a canza ta tare da hular. Koyil ɗin Golf 3 ma jikinsa yana tsagewa da tsufa, ƙurar hunturu ta cika tsagar, ruwan Agusta ya zo ya jiƙa ta, wuta ta samu gajeriyar hanya zuwa bodi. Gwajinsa da dare ake yi: mota a silo a wuri mai duhu amma buɗaɗɗe, ka fesa ruwa kaɗan-kaɗan kamar raɓa da kwalbar feshi a kan wayoyi, sannan hula, sannan koyil, ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle ko ka ji inji ya canza murya, nan ne. Hannu da hannun riga su yi nesa da fanka, don tana tashi da kanta ba sanarwa.

Zargin jabu kuma mita ce ke raba gardama, kowane mai rewaya yana da ita. A sa ta a ma'aunin ohm dubu 20, a taɓa bakin waya biyu. Wayoyin Volkswagen na asali cibiyarsu jan ƙarfe ne, abin rage wutar yana cikin kawunan, kusan ohm dubu 5 a wajen fulogi da dubu 1 a wajen hula, jimla wajen dubu 6. Na motocin Japan cibiyarsu zare ne mai gawayi, adadin yana ƙaruwa da tsawo. Toyota ta ƙayyade kada waya ɗaya ta wuce ohm dubu 25, don haka a nan sai a ɗaga mitar zuwa ma'auni na gaba. Ana aunawa ana lanƙwasa wayar, in lambar tana tsalle ko ta ɓace, a tsinke take a ciki. Wadda ta nuna kusan sifili kuma ba abin murna ba ce, ba ta da abin rage wuta ke nan, za ta cika rediyo da ƙara, tana kuma iya rikita kwamfutar mota.

Fulogan da suka sha fetur a wannan rikicin sai an ciro su. Za ka tarar da biyu a jiƙe, su ne ma za su nuna maka silindojin da suka yi musaya. A busar da su, in sun yi baƙi ƙirin ko sun tsufa a canza huɗun. Tsohon fulogi mai faɗin baki yana tilasta wa koyil ɗaga wuta, wutar kuma in ta ga tsallake bakin ya yi wuya sai ta huda waya, shi ya sa sabuwar waya a kan tsohon fulogi ba ta daɗewa. Motar da aka mayar mai amfani da gas ta fi matsa wa waya lamba, don gas ya fi fetur wuyar kunnawa. Fulogi mai ƙafa uku irin wanda wannan injin ya saba zuwa da shi ba a daidaita bakinsa. Mai ƙafa ɗaya a bi abin da littafin mota ya ce, yawanci tsakanin milimita 0.7 da 1.1. Da yatsa ake fara ɗaura fulogi har ya zauna, inji a sanyaye, domin kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ganganci. Sabo mai zoben ƙarfe a gindin zarensa, bayan ya zauna, rabin juyi da sufana ya isa.

Al'adar nan ta zare waya inji yana aiki don a gane silindar da ta mutu, a rage ta. Wutar da aka hana hanya tana komawa ta huda koyil ko ta kashe abin da ke kunna shi, ban da jan da take yi wa mai hannu a kai, wanda ga mai ciwon zuciya ba wasa ba ne. In ana son ganin ko wuta na zuwa, a kashe mota, a soka tsohon fulogi a bakin wayar, a kwantar da ƙarfensa a jikin inji nesa da tiyon fetur, sannan a yi kik. Idan bayan duk wannan silinda ɗaya ta ci gaba da zama shiru alhali tartsatsinta shuɗi ne mai ƙarfi, maganar ta bar wajen waya, sai a auna matsin silindar a duba bawul da gasket.